A Mayar wa Bube da Galonsa

Mai girma Perfe, shugaban gundumarmu, mai girma Magajin Garin Urafane, iyayenmu sarakuna da limamai, 'yan'uwana tsofaffin sojoji, iyaye mata, jama'ar da kuka bar kasuwa kuka zo, assalamu alaikum.

Ni ne Sarjan Sha'aibu Danda mai ritaya. Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Jawabin nan da hannuna na rubuta shi, bayan na kammala ajin yaƙi da jahilci, domin kada a ce wani ne ya sa mini magana a baki.

Na farko, ku dubi mutumin can mai sanda biyu da ƙafa guda. Kafaran Bube ne, wato kofur, ɗan garin Hawandawaki. Tare muka yi tsaron bakin iyaka. Wata safiya 'yan bindiga suka kewaye shi da abokan gadinsa, harsashi ya farfasa masa gwiwa, ya ja jiki ya kira kapitan ta rediyo. Kapitan ya ce, "Bube, an tashi lafiya?" Bube ya ce, "Lafiya lau, mon kapitan." Kapitan ya ce, "Madalla," ya kashe rediyo, ya koma ga shayinsa. Agaji bai iso ba sai bayan la'asar.

Na biyu, ina tambayar wannan taro: wane ɗan halak ne ake gaishe shi ya ce ba lafiya? Mai kawo labarin mutuwa ma sai ya amsa gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Uwar Bube ta koya masa haka, aikin soja kuma ya koya masa kada ya katse na gaba da shi. Ya bi uwarsa, ya bi soja, ya rasa ƙafa.

Na uku, kuma nan ne raina yake ɓaci. Aka zauna, aka yanke cewa Bube ya ba da rahoton ƙarya. Aka cire masa galo, alamar muƙaminsa, yana kwance a gadon likita, ba ya ma iya miƙewa ya sara wa mai cirewar. Shi kuwa kapitan aka rataya masa lambar yabo, wai yankinsa ya fi ko'ina rahoton lafiya. Gaisuwa ta zama rahoto, ladabi ya zama laifi. 'Yar Bube, Balkisu, a lakwal, wato makarantar boko, ana ce mata ɗiyar maƙaryaci.

Ba ƙafa muke roƙo ba, ta tafi. Galonsa muke so a mayar masa, a bainar jama'a, a wanke sunansa.

Mai girma Perfe, ɗazu da ka iso ka kama hannunsa ka ce, "Yaya jiki?" Ya ce maka, "Lafiya lau." Na ga ka wuce. Ina roƙonka, kai ka dawo ka ji sauran maganar.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a bakin daga, ya tsare waɗanda ke can, ya ba shugabanninmu haƙurin sauraro, ya mayar da kowa gidansa lafiya, lafiyar gaskiya.

Na gode.