Kwalin da Aka Ƙi Saya a Laburare

A ƙofar laburaren jami'a wani dattijo ya dire kwali tim, kusa da wata ɗaliba.

"Baba, lafiya kake huci?"

"Littattafan yarenmu na kawo in sayar wa laburare, wai yanzu sai na kwamfuta suke saya. Mu da muke bugawa a shagon ƙanena, ina muka ga kwamfuta?"

Ya miƙa mata ɗaya. Tana buɗewa ta daka tsalle.

"Yaren da nake nazari! Tun safe na'urarsu take ce min babu, ga jarrabawa ta matso."

"Na'urar ba ta san shagon ƙanena ba."

"Kar ka motsa, Baba, bari in kira 'yan ajinmu!"

"Su yi sauri, 'yata. Wuyana ya rantse ba zai koma gida da kwalin nan ba."