Na Bar Matata Ta Yi Shaidar Ƙarya

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ne Bitrus mai faci, na bakin tashar Shinkafi a nan Ƙaura. Facin na bar shi, sunan ne ya ƙi barina.

Shekarar da Shari'a ta zo aka rufe gidajen giya, matata Rifkatu har azumin godiya ta yi, don ni mashayi ne. Ba ta san masifar tana cikin akwatin aikina ba. Sholishon da nake liƙe taya da shi, shi na koma shaƙa a tsumma. In ta ji warin a rigata, sai in ce ai na aiki ne.

Wata Lahadi ta miƙe a majami'ar nan, ta ba da shaida cewa mijinta ya tuba. Matan zumunta suka buga tulu, suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina zaune ina cewa amin, tsumman yana aljihuna. Kaico! Wannan amin ɗin har yau yana ci mini rai.

Asirina ya tonu ranar da naƙuda ta kama Rifkatu da rana tsaka. Maƙwabcinmu Malam Sani ya zo kirana a kan babur, ya tarar da ni yashe bayan rumfa, ko gane shi ban yi ba. Shi da matarsa suka kai ta asibiti. Ɗiyar ba ta zo da rai ba.

Da ma Rifkatu ta zage ni, da na ji sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Maigida, ka bar ni na yi ƙarya a gaban Allah." Da ta ɗan murmure, yayanta ya zo ya tafi da ita garinsu.

Na je na zube gaban Baba Pasto. Addu'ata ba ta wuce kalma huɗu ba: Yesu, ni na kasa. Pasto ya ce ba zan warke ba muddin ina wuni da gwangwanin sholishon nan a hannu. Na rufe rumfa, na koma noman gero wajen ƙauyen Banga.

In kwaɗayin ya taso, kaina kamar zai tsage, sai in riƙa yi wa Allah kuka ina bin bugun fartanya. A haka kukan ya zama waƙa, ni da ko amshi ban iya ba. Matan zumunta suka karɓe waƙoƙin, suka yi ta yawo da su. Damina uku ke nan ban shaƙa ba.

Rifkatu dai ba ta dawo ba. Kwanan baya Mama Ladi, shugabar mata, ta ji ta tana rera waƙata a taron zumunta can garinsu. Ta tambaye ta ko ta san mai ita. Rifkatu ta ce, "Na sani. Waƙar na yarda da ita, mai ita ne ban iya yarda da shi ba tukuna."

Ban ga laifinta ba. Na gode wa Yesu da ya tsamo ni. Ku dogara gare shi tun ba ku yi asarar da na yi ba. In kuma za ku yi mana addu'a, don Allah ku fara da Rifkatu.