Na Rage Wa Dattijo Maki Saboda Kunyar Ɗan Fari

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan an wuni lafiya.

Ni 'yar Dingyadi ce. Bara na gama digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, yanzu ina taimaka wa wani likitan ƙwaƙwalwa. Kotu ta aiko mana wani dattijo manomi daga Kajiji, wanda ake tuhuma da yi wa maƙwabcinsa rauni, a duba ko yana da hankalin fuskantar shari'a. Likitan ba ya jin Hausa, don haka ni na yi tambayoyin.

Na tambaye shi kwanan wata, ya ba ni na Musulunci daidai. Takardar gwajin kuwa na Turawa take nema, sai na sa masa sifili. Na ce ya faɗi sunayen 'ya'yansa, ya faɗi shida, ya tsallake babban. Da na matsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba ɗiyata, ɗan fari fa. Ba ni iya kiran sunanai."

Malam, mahaifina ma bai taɓa kiran sunan yayana ba. Na san dalilin sarai, amma na ji tsoron kauce wa ƙa'idar takarda, na rubuta mantuwa. Maki biyun nan su suka kayar da shi. Alƙali ya dakatar da shari'ar, aka mayar da shi gidan yari har sai ya warke, alhali lafiyarsa lau.

Na rubuta gyara, amma tsoron rasa aiki ya hana ni miƙa wa likita. Gobe dai zan miƙa. Lauyoyin da ke saurare, don Allah ku faɗa mini, hakan zai isa kotu ta sake kiransa?