Tiyar Shinkafa a Kafaɗa

A tashar Haɗeja, Maijidda na jiran motar Dutse ta cika. Budurwar da ke gefenta ta dubi takardun hannunta.

"Inna, asibiti za ki?"

"Kwas za ni, 'yar nan. Sai sun ga har yanzu na iya karɓar haihuwa za su sabunta min lasisin ungozoma."

"A ina kike aiki?"

"A Auyo na yi. Shekara huɗu ke nan da ritaya."

"To, me za ki yi da lasisi kuma?"

Maijidda ta dubi tafin hannunta.

"Ko a aiko nemana wata rana. Jiya na auno tiyar shinkafa, ban ankara ba sai ga ni ina jijjiga ta a kafaɗa. Nauyinsu ɗaya da jariri."