Haƙƙin Harafi da Nauyin Gaɓa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyar ɗalibai, malamarmu Ustaza Dalia, iyayenmu na unguwar Arba wa Nus da suka sha matsi a mikrobas, ƙaramar motar haya, 'yan'uwa na unguwar Hayyin Ashir, barkanmu da bikin kammala ajin Turanci. Ni ne Sada, ɗalibin tajwidi, kuma a madadin ajinmu ina yi muku godiya.

Da farko, zan tona asirin kaina. Bara na nemi aikin tafinta a asibitin agaji, inda likitocin baƙi ne, sai Turanci. Na nema ne saboda maƙwabciyata Inna Awadiyya, wadda ke zuwa da ciwon ƙirji, ta dawo da ciwon ƙirji, domin ba mai isar da maganarta. Aka miƙo mini takarda in karanta. Jama'a, shekara shida ana koya mini ba kowane harafi haƙƙinsa! Na kama kalmar "examination", na raba mata adalci, kowace gaɓa na ba ta nauyi daidai da 'yar'uwarta, har na ƙara wa ƙarshe madda. Sau uku likitan yana cewa in sake. Na faɗi, kuma wallahi na ji ciwo.

Na biyu, abin da Ustaza ta koya mana. Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya Sada, Turanci ba ya raba daidai. Ka yanka doguwar kalma gaɓa-gaɓa, ka nemo guda ɗaya ka danna ta, sauran su bi a guje." Ta sa mu buga tebur: e-xa-mi-NA-tion, me-di-CA-tion. Duk kalmar da ta ƙare da "tion", nauyin yana kan gaɓar da ke gabansa. Muka buga, muka buga, har mai shagon ƙasa ya hauro ya ga ko gyaran gini ake.

Na uku, albishir. Watan jiya na koma asibitin, na ci jarrabawar. Ranar Talata na tsaya tsakanin likita da Inna, ya fahimce ni karo ɗaya, aka gano ciwon, aka ba da magani. Ga ta can a layin gaba. Benen nan hawa huɗu ne, kuma da ƙafarta ta hau.

Allah Ya saka wa Ustaza da alheri, Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya buɗe harsunanmu, Ya mayar da kowa gida lafiya. Na gode.