Sun Zo Dubiya, Sun Tafi Ba Addu'a

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki, ina kuma gaida masu sauraro. Ni ne Sabi'u mai faci, daga wani ƙauye kusa da Gubuchi.

Babanmu yana kwance tun farkon damina, ciwon suga ya taɓa masa ƙafa. Ranar Juma'a aminansa biyu, Baba Iro da Malam Tanko, suka zo dubiya, na shimfiɗa musu tabarma kusa da shi. Ana cikin gaisawa Baba Iro ya ce da an sa shi a tsarin inshorar lafiyar nan na gwamnati, da tuni yana asibiti. Malam Tanko ya ce yaudara ce, kati za a ba ka, ba magani.

"Kai dai jahili ne, Tanko."

"Gara ni da kai, karen 'yan siyasa!"

Kowa ya zura takalminsa ya fita, ba wanda ya ɗaga hannu ya yi wa mara lafiya addu'a. Ni da na kasa kunne in ji ko tsarin zai taimaki babanmu, ban ƙaru da komai ba.

Tun ranar, duk wanda ya gan ni cikinsu sai ya ce, "Wancan yana zuwa?" Ba wanda ya sake leƙowa. Babanmu kuwa da ya ji sallama sai ya ɗago kai, in ba su ba ne ya mayar.

Jama'a, ku ba ni shawara. Ni yaro ne, ba na iya yi wa sa'o'in ubana faɗa. A ƙofar wa zan fara durƙusawa?