Gwiwar Ungulu

A ɗakin jira na wani mai ɗori a Guadalajara, talabijin na maimaita shirin kokawar nan ta masu rufe fuska. Doña Eulalia mai sayar da furanni na zaune kusa da wani ƙato baƙo da ya miƙe ƙafar hagu.

"Dubi ɗan banzan nan, Ungulu!" in ji ta. "Ya ƙwace wa Farin Zakara budurwa, ya kuma kwaɗa masa kujera a ka."

"Inna, ai wasa ne, rubuta masa ake yi," in ji ƙaton. "Wataƙila a gida mutumin kirki ne."

"Mutumin kirki? Shekara shida ina zaginsa duk Asabar. Har takalmina na taɓa cirewa na jefe shi a filin kokawa."

"Kore, mai tsini," in ji ƙaton.

Ta dubi gwiwarsa, ta dubi talabijin, inda Ungulu ke ɗingishi da ƙafar hagu.

"Ni direba ne, Inna," ya ce da sauri.

"Na tambaye ka? Wanda ya rufe fuska ba a tona shi, ko a gaban fada a coci."

Ta ciro tamale mai ɗumi daga jaka, wani irin alalen masara da ake naɗewa a ganye, ta ɓare ganyen, ta miƙa masa.

"Ungo, ɗana, ci. In ka ɗauko shi a motarka, ka ce ya daina dirowa daga saman igiya da wannan ƙafar. Tun da mijina ya rasu, shi kaɗai ya rage mini na yi wa masifa."

"Zai ji, Inna."

"Kuma ya dawo mini da takalmina."